Kwana Biyar a Santambul, Biyu a Kan Gado

Tafiyar ta kwana biyar ce, kuma tun kafin in tashi na riga na kasafta kwanakin ban bar ko ɗaya a banza ba: daren Laraba na sauka, Alhamis da Juma'a da Asabar na taron da ya kai ni, Lahadi ta zaga gari, daren Litinin kuma na kamo hanyar gida. Ban taɓa zuwa Santambul ba kafin wannan karo, saboda haka Lahadin ce na fi ɗoki, har na rubuta wuraren da zan gani a bayan takardar gayyata. Akwai Aya Sofiya, tsohuwar majami'ar da aka mayar masallaci, wadda aka kammala gininta a shekarar 537 a zamanin sarki Justiniyan, da masallacin Sultan Ahmed da ke fuskantarta, sannan in hau jirgin ruwa in ƙetare mashigin Bosforus domin in samu bakin cewa na taka Turai da Asiya a yini ɗaya. A cikin wannan lissafi babu ko awa ɗaya da na ware wa rashin lafiya, kuma har yau ban haɗu da matafiyin da yake warewa ba.

Jakar da na haɗa ita ma shaida ce a kaina. Na ɗauki riguna fiye da waɗanda zan iya sawa, na ɗauki cajar waya guda biyu don gudun kada ɗaya ta lalace, amma ban saka ko ƙwayar farasitamol ba, domin a ganina wanda zai yi kwana biyar bai yi nisan da zai buƙaci magani ba.

Ciwon ya fara ne a daren Juma'a, wajen ƙarfe biyu. Murɗawar ciki ce ta tashe ni daga barci, irin wadda take sa mutum ya naɗe ƙafafunsa zuwa ƙirji ba tare da ya yi niyya ba, daga nan sai amai, bayan aman kuma gudawa ta biyo. Kafin kiran sallar asuba na shiga banɗaki sau bakwai, kuma na san adadin ne saboda na riƙa ƙirgawa da fatan kowane zuwa shi ne na ƙarshe. Tsakanin wani zuwan da wani ina kwance ina gudanar da shari'a a cikin raina, ina neman wanda zan ɗora wa laifi, kuma hukuncin ya faɗa kan abincin daren da na ci sa'o'i kaɗan da suka wuce. Kusan kowa haka yake yi, abin da ya ci na ƙarshe yake zargi, amma daga baya na fahimci cewa wannan shari'a sau da yawa ta zalunci ce. Akwai gubar da wasu ƙwayoyin bakteriya suke bari a cikin abinci wadda take kayar da mutum cikin 'yan sa'o'i, amma ƙwayar da ta fi yawan haddasa gudawar matafiya, wato wani nau'i na E. coli, takan yi kwana ɗaya zuwa uku a cikin hanji kafin ta nuna kanta, ita kuwa ƙwayar norobairos takan ɗauki awa 12 zuwa 48. Ke nan mai laifin yana iya zama ƙanƙarar da aka jefa mini a cikin abin sha ranar Alhamis, ko ɗanyen ganyen da aka wanke da ruwan da cikina bai saba da shi ba, ko abincin taro da ya daɗe a jere, bai yi zafi ba kuma bai yi sanyi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin cewa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salsiyos ne ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa a cikin abinci, kuma tana ba da shawarar kada a bar dafaffen abinci a waje fiye da awa biyu. Yana ma iya zama hannun wani da na gaisa da shi, domin man tsaftace hannu da muke dogara da shi ba ya yi wa norobairos abin kirki, sai dai ruwa da sabulu.

Abin da na aikata da safiyar Asabar shi ne dalilin wannan rubutu, domin cutar ba laifina ba ce, amma abin da ya biyo bayanta da hannuna na jawo shi. A ranar ce zan gabatar da jawabina, jawabin da saboda shi aka saya mini tikiti aka kama mini masauki, kuma na ga cewa in na ce ba ni da lafiya tamkar na ci amanar waɗanda suka gayyace ni ne. Da a gida nake, ko da tafiyar ta wata guda ce, da na kwanta na ce gobe ma rana ce. Gajeriyar tafiya ba ta da gobe, kowane yini a cikinta an riga an sayar da shi, saboda haka sai mutum ya shiga yi wa jikinsa ƙarya yana cewa sauƙi ya samu alhali bai samu ba. Na sanar da wani dattijo da muka zo tare halin da nake ciki, sai ya ciro wasu ƙwayoyi daga jakarsa ya ce, "Sha biyu daga cikin waɗannan, ka daure, yini ɗaya ne ya rage mana." Na ce, "Na gode, Malam," na haɗiye ban ko duba sunan ba. Da zuciya ɗaya ya ba ni, kuma maganin, wanda daga baya na ga loferamid ne, ya yi aikin da aka san shi da shi, wato ya rage motsin hanji ya tsayar da fitar. Sai dai tsayar da fita daban, warkewa daban, kuma likitoci suna hana shan sa idan akwai zazzaɓi ko jini a cikin bayan gida, domin a irin wannan hali yana iya tsare abin da jiki yake ƙoƙarin korewa. Ni kuwa a lokacin jikina ya riga ya fara ɗumi.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, kuma da wayona na yi shi: na daina shan ruwa. Dabarar ita ce in babu abin da ya shiga babu abin da zai fita, ba zan tashi da gudu a tsakiyar jawabi in ji kunya ba. Haka na tsaya a gaban jama'a na minti ashirin, harshena yana manne wa dasashi, muryata tana fita kamar ta wani, rubutun da ke gabana yana rawa. Na gama an tafa, amma da na sauko daga kan dandamali sai duhu ya rufe mini ido, da ƙyar na lalubi kujera na zauna. Wani ma'aikacin wurin ne ya riƙe ni har bakin mota, na koma masauki na kwanta da takalmi a ƙafa.

Da yamma na kira yayata, wadda ta shafe shekaru tana aikin jinya. Na fara da dogon bayani kan abincin da nake zargi, sai ta katse ni ta ce, "Bar wannan tukuna. Yaushe rabonka da fitsari?" Na yi shiru ina tunani, domin tun safe ban yi ba, kuma wanda na yi da safen kaɗan ne, launinsa ya yi duhu. Ta ce, "Kai yaro ne da za ka yi gudawa dare guda sannan ka hana kanka ruwa? Ba gudawar ce take kashe mutane ba, bushewar jiki ce." Na ce, "Yaya, don Allah kada ki faɗa wa Hajiya, hankalinta zai tashi." Ta ce wannan ya danganta da ko zan bi abin da za ta gaya mini. Ta sa na nemi ruwan gora mai lita ɗaya wanda ba a taɓa buɗewa ba, da sukari da gishiri daga ɗakin girkin otal, na zuba sukari cokalin shayi shida a shafe, ba a tule ba, da gishiri rabin cokalin shayi, na girgiza. Ta gargaɗe ni kada in ƙara gishirin da sunan neman saurin warkewa, domin yawansa illa ne, kuma kada in kwankwaɗa, in riƙa kurɓa kaɗan kaɗan, in na yi amai in jira minti goma in ci gaba.

Na daɗe da sanin ruwan gishiri da sukari, amma a raina na ɗauke shi maganin ƙananan yara ne, abin da ake koya wa masu jego a asibiti, ban taɓa zaton babban mutum mai fasfo a aljihu zai rataya a kansa ba. Bayan na warke na bi tarihinsa, kuma abin da na samu ya sa na ji kunyar rainin da na yi masa. Hikimar tana cikin haɗin ne: hanji yana da wata ƙofa da take shigar da sinadarin gishiri tare da sukari a lokaci guda, ruwa kuma ya bi su zuwa cikin jini, kuma wannan ƙofa tana ci gaba da aiki ko da gudawa ta hargitsa sauran hanyoyin. Wani masani Ba'amurke mai suna Robert Crane ne ya bayyana yadda take aiki a shekarar 1960. A shekarar 1971, lokacin yaƙin neman 'yancin Bangaladash, cutar kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira da ke kan iyakar Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare, sai wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa wannan ruwa a cikin manyan ganguna ana bai wa marasa lafiya su sha. Mace-macen da suka kai kusan kashi 30 cikin ɗari suka sauko zuwa ƙasa da kashi 4. A yau ana sayar da shi a ƙunshe cikin 'yan ƙananan fakiti, an ƙara masa sinadaran da haɗin gida ba shi da su, kuma fakiti goma ba su kai nauyin cajar wayar nan ta biyu da na ɗauko ba.

Ranar Lahadi, ranar Aya Sofiya a takardata, na lallaɓa na fita neman kantin magani. A Turkiyya ana kiransa eczane, ana furta shi "ejzane", kuma alamarsa jan harafin E ne a saman ƙofa. Na samu biyu a kusa da masaukina, duka a rufe, domin yawancinsu ba sa buɗewa ranar Lahadi, sai waɗanda aka sa wa aikin tsaro a kowace unguwa, waɗanda ake kira "nobetci". Akan liƙa sunayensu da adireshinsu a jikin gilashin waɗanda suka rufe, amma ni da ba na karanta harshen na tsaya ina kallon takardar kamar zanen bango, sai da wani mai wucewa ya ga halin da nake ciki ya nuna mini hanya da hannu. An ce baƙo ko da ido makaho ne, to baƙo marar lafiya har da kurumta da bebantaka. A kantin na ambaci sunan maganin da na saba saye, mai kantin ya girgiza kai, domin sunan kamfani ba ya ƙetare iyaka, kowace ƙasa da sunan da take sayar da abu ɗaya. Abin da yake tafiya ko'ina shi ne sunan sinadarin, kuma ko shi ma yakan sauya, tunda abin da yawancin duniya take kira farasitamol a Amurka asetaminofen ake ce masa. Hatsarin a nan shi ne mutum ya sayi magunguna biyu masu suna daban alhali sinadarinsu ɗaya, ya sha duka, ya wuce giram 4 da aka ƙayyade wa babba a yini, ya cutar da hantarsa. Na samu fakitin ruwan gishiri da sukari da ma'aunin zafin jiki, amma da na nemi maganin kashe ƙwayoyin cuta sai ya ƙi, ya ce sai da takardar likita. A lokacin na ji haushinsa, yanzu kuwa ina ganin gaskiyarsa, domin yawancin gudawar matafiya tana wucewa da kanta cikin kwana uku zuwa biyar, kuma idan bairos ne ya kawo ta irin wannan magani ba ya taɓa shi ko kaɗan.

Ma'aunin da na saya shi ya kawo ƙarshen gardamar da nake yi da kaina. Da la'asar ya nuna digiri 39, ina rawar sanyi a cikin bargo biyu, duk abin da na kurɓa yana dawowa. Yaya ta ce zazzaɓi mai zafi haka, da aman da ya hana ruwa zama, da jiri in an miƙe tsaye, kowane ɗaya daga cikinsu ya isa ya kai mutum asibiti, balle su taru. Lambar neman agajin gaggawa a Turkiyya 112 ce, kamar yadda take a ƙasashen Tarayyar Turai, amma ban kai ga kiranta ba, Malam ne ya tare mana tasi ya raka ni.

A nan ne takardar inshora ta shigo. Na saye ta ne kawai domin masu shirya tafiyar sun ce dole, ban karanta ko layi ɗaya a cikinta ba, kamar yadda masu neman bizar Shengen (ta shiga yawancin ƙasashen Turai) da yawa suke sayen inshorar da doka ta ce kada ta gaza yuro 30,000 su cusa ta a jaka ba su san abin da ta ƙunsa ba. A cikin tasi, da ido yana ganin bibbiyu, na fara karantawa, sai na ga an rubuta cewa a kira kamfanin kafin a je asibiti in ba rai ne yake cikin hatsari ba, kuma ciwon da mutum yake da shi tun kafin tafiya ba ya cikin alkawari. Na kira lambar sau uku ba a ɗaga ba, a karo na huɗu aka ce in biya da kuɗina in adana kowane rasit da rahoton likita, za a mayar mini daga baya. An mayar ɗin, amma sai bayan watanni da wasiƙu masu yawa, kuma da ban roƙi likitan ya rubuta rahoton da harshen da kamfanin zai iya karantawa ba, da zancen ya mutu a nan.

Likitar da ta duba ni ba ta fara da cikina ba, ta fara ne da tambayar inda na fito da ƙasashen da na shiga a cikin watan da ya wuce. Da ta ji amsar sai ta ce za a gwada jinina domin neman zazzaɓin cizon sauro. Na yi mamaki, domin ban ga sauro ko ɗaya ba tun da na sauka, amma tambayar tana kan hanya, tunda cutar takan ɗauki kwana 10 zuwa 15 bayan cizo kafin ta bayyana, mutum yana iya ɗauko ta a jininsa ya hau jirgi lafiya ƙalau ta kayar da shi a wata ƙasa, kuma ita ma tana iya zuwa da amai da gudawa. A shekarar 2015 ba a samu ko mutum ɗaya da sauron cikin gida ya sa wa cutar ba a duk yankin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda Turkiyya take cikinsa, saboda haka likitan irin waɗannan ƙasashe yana iya daɗewa bai ga mai ita ba, kuma ba kowane ne zai tuna ya tambaya ba. Na yi sa'a tawa ta tambaya, amma da ba ta yi ba ni ya kamata in faɗa, kuma ban yi niyyar faɗa ba. Sauran tambayoyinta ta manhajar fassara muka yi su, ina rubutawa tana karantawa, kuma na ga yadda abu mai sauƙi kamar sunan maganin da na sha jiya, ko ko akwai wanda jikina ba ya karɓa, yake zama aiki ga wanda kansa yake juyawa. Da na rubuta waɗannan a 'yar takarda tun ina da lafiya na saka a cikin fasfo, da miƙa mata kawai zan yi.

Gwajin bai nuna zazzaɓin sauro ba. Aka ƙara mini ruwa leda biyu, aka yi mini allurar tsayar da amai, kuma tun kafin leda ta biyu ta ƙare na ji kaina yana dawowa mazauninsa. Ma'aikaciyar jinyar da ta cire mini allurar ta dube ni ta ce, "Gecmish olsun." Daga baya na ji mai tasi ya faɗa, mai tsaron ƙofar otal ma ya faɗa, sai na tambayi ma'anarsa, aka ce addu'a ce da ake yi wa marar lafiya, wato Allah ya sa ya zama abin da ya wuce. Kwana biyu ina kwance a ɗakin da babu mai leƙowa ya ce mini sannu, ashe ana ta faɗa mini ita a hanya, kunnena ne bai san ta ba.

Saura batun komawa. Likitar ta ce zan iya hawa jirgi daren Litinin idan zazzaɓin ya sauka kuma ruwa yana zama a cikina, in ba haka ba in ɗage tafiyar, kuma ta ba ni takarda ko da ma'aikatan jirgi za su tambaya, domin suna da ikon hana wanda suka ga alamar ciwo a jikinsa hawa. Dalilin taka-tsantsan ɗin shi ne cikin jirgi ba wurin jinya ba ne. Iskar da ake shaƙa a ciki daidai take da ta kan tsauni mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, ga ta a bushe ƙwarai, kuma iskar da ke cikin hanji da kunne takan kumbura idan jirgi ya yi sama, saboda haka wanda ya hau da bushewar jiki da murɗawar ciki ƙara masa za a yi. Yinin Litinin gaba ɗaya a kan gado na yi shi, ina kurɓar ruwana ina auna zafin jiki duk bayan 'yan sa'o'i, kuma a wannan karon ban yi wa kowa ƙaryar samun sauƙi ba, har sai da ma'aunin ya tsaya a digiri 37 tun daga hantsi zuwa magariba.

A hanyar filin jirgi na roƙi direban ya bi ta tsohon gari, sai na hango hasumiyoyin masallacin Sultan Ahmed guda shida da ƙubbar Aya Sofiya ta gilashin mota, na kimanin minti ɗaya, kafin mu sha kwana. A wurin bincike aka hana ni wucewa da gorar ruwan gishirin da na haɗa, saboda dokar da ta hana shiga da ruwan da ya wuce mililita 100, sai na koma gefe na sha abin da zan iya na zubar da sauran. Bayan na wuce na sayi wata gorar, na farke sabon fakiti na zuba a ciki, sannan na je na roƙi a sauya mini kujera daga ta jikin taga, wadda na zaɓa tun makonni da suka wuce domin in ga birnin daga sama, zuwa ta bakin hanya kusa da banɗaki.